Zaure da Cikin Gida: Tarihin Zuri'ar Kennedy ta Amurka

A watan Mayun 1938 aka shigar da wasu 'yan mata biyu Fadar Buckingham su kai gaisuwa gaban Sarkin Ingila George na Shida. Rosemary ce da ƙanwarta Kathleen, 'ya'yan sabon jakadan Amurka a Landan, Joseph Patrick Kennedy. Jaridun Ingila a lokacin sun mayar da gidan jakadan abin kallo: uba attajiri, uwa mai kamun kai da riƙon addini, ga 'ya'ya tara reras, kowa da fara'arsa. Abin da jaridun ba su sani ba shi ne Rosemary, mai shekara 19, tana da raunin fahimta tun ƙuruciya. Karatunta da rubutunta ba su wuce na 'yar firamare ba, kuma an daɗe ana koya mata yadda za ta rusuna gaban sarki don kada a gane. Bayan shekara uku da rabi ta ɓace daga hotunan gidan, aka yi shekara ashirin ba a gaya wa duniya gaskiyar inda take ba.

Gidan Kennedy yana da zaure, yana da cikin gida. A zauren akwai shugaban ƙasa, da sanatoci uku uwa ɗaya uba ɗaya, da ministan shari'a, da jakadu. Can ciki kuwa akwai cutar da aka ɓoye, da matan da aka ci amanarsu, da 'yar da aka kawar daga ido. Masoyan gidan a zaure suke tsayawa, maƙiyansa kuma ba sa ganin komai sai na ciki. A ganina duk sun rasa labarin, domin mutum ɗaya ne ya gina wuraren biyu, kuma mafi ɗorewar alherin da gidan ya yi wa Amurka daga cikin abubuwan da aka rufe ya fito.

Asalinsu talakawan Ailan ne. A 1849, ana tsakiyar babbar yunwar da lalacewar dankalin turawa ta haddasa, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wani saurayi mai suna Patrick Kennedy daga ƙauyen Dunganstown ya sauka a Boston. Haɗa gangunan katako ya riƙe sana'a, har kwalara ta kashe shi a 1858, ya bar matarsa Bridget da ƙananan yara. Autansu, wanda ake kira P.J., ya fara da dako a tashar jiragen ruwa, ya buɗe mashaya, daga nan ya shiga siyasar unguwa har ya kai majalisar jihar Massachusetts. Boston ta wancan zamani a hannun tsofaffin gidajen 'yan Furotesta masu asalin Ingila take, su kuwa kallon barori suke yi wa 'yan Ailan mabiya ɗarikar Katolika. Kana iya yin kuɗi, ka ci zaɓe, amma ba za su ba ka 'ya ba, ba kuma za ka zauna a majalisarsu ta hira ba. Da wannan raini ɗan P.J., wato Joseph, ya tashi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai huce ba.

An haifi Joseph a 1888. Ya gama jami'ar Harvard a 1912, ya zama shugaban wani ƙaramin banki yana ɗan shekara 25, a 1914 kuma ya auri Rose, 'yar John Fitzgerald wanda ya yi magajin garin Boston sau biyu. Dukiyarsa daga kasuwar hannayen jari ta faro, inda ya yi amfani da dabarun da doka ba ta riga ta hana ba, ya kuma janye kuɗinsa kafin kasuwar ta rushe a 1929. Ya juya kuɗin a harkar fina-finai a Hollywood, da shigo da barasa bayan an ɗage haramcinta a 1933, da manyan gine-gine. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa shi shugaban farko na hukumar sa ido kan kasuwar hannayen jari a 1934, mutane suka ce an ba kura ajiyar nama. Ya kuwa yi aikin yadda ya kamata, don babu ramin da bai sani ba.

A gidansu na Hyannis Port da ke bakin teku, teburin cin abinci makaranta ne. Uban yakan titsiye yara maza da tambayoyi kan al'amuran duniya, Rose kuma tana ajiye kati ga kowane yaro, ta rubuta nauyinsa da ciwon da ya yi. Dokokin gidan biyu ne da kowa ya haddace: zuwa na biyu a gasa faɗuwa ce, kuma ɗan gidan Kennedy ba ya kuka a ga hawayensa. Akwai doka ta uku da ba a furta ba. Joseph manemin mata ne wanda bai damu ya ɓoye wa iyalinsa ba, har tauraruwar fim Gloria Swanson ya kawo gidan. Rose ta kau da kai, ta riƙe coci da tafiye-tafiye. Yaran maza suka tashi da sanin cewa namiji yana iya yin abin da ya ga dama, muddin maganar ba ta fita waje ba.

Jakadancin Landan ne ya kai Joseph ƙololuwa, shi ne kuma ya karya shi. Ya goyi bayan Firayim Minista Chamberlain wajen lallashin Hitler, ya dage kada Amurka ta shiga yaƙi, a Nuwamban 1940 kuma ya faɗa wa wani ɗan jarida cewa dimokuraɗiyya ta ƙare a Ingila, alhali bama-baman Jamus suna sauka a Landan. Dole ya sauka. Burinsa na zama shugaban ƙasa ya mutu daga ranar, sai ya ɗora shi a kan 'ya'yansa. Daga nan duk abin da zai iya shafa wa sunan gidan baƙin fenti ya zama abokin gaba, ko da jininsa ne.

A nan maganar Rosemary ta taso. Tun da aka dawo da ita daga Ingila, inda ta samu makarantar da hankalinta ya kwanta, sai ta rikice: fushi mai tsanani, da sulalewa da dare daga makarantar 'yan mata ta coci da aka sa ta a Washington. Uban ya ji tsoron kada wata rana ta dawo da ciki. A Nuwamban 1941 ya miƙa ta ga likitoci biyu, Walter Freeman da James Watts, suka yi mata wata sabuwar tiyata: a huda ƙoƙon kai, a zura ƙarfe a yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Idonta biyu aka yi aikin, ana sa ta magana ana yanka, ba a tsaya ba sai da maganar ta daina fita daidai. Budurwar da take rawa, take rubuta wa ubanta wasiƙa, ta tashi ba ta iya tafiya sosai, ba ta iya haɗa zance. Shekararta 23.

Adalci ne a faɗi cewa a wancan lokaci manyan likitoci suna ɗaukar wannan tiyata magani, har wanda ya ƙirƙiro ta, Egas Moniz, ya samu kyautar Nobel a 1949. Uba yana iya yin kuskure da kyakkyawar niyya. Abin da ya biyo baya ne ba shi da uzuri. Daga baya aka kai ta wani gidan kula da masu irin lalurarta na 'yan coci a Jefferson ta jihar Wisconsin. Uban bai taɓa taka wurin ba. Uwar ta yi kusan shekara ashirin ba ta je ba. Ƙannenta da yawa ba su san takamaiman abin da aka yi mata ba, jama'a kuma aka bar su da zaton malanta take yi a wata makarantar naƙasassu.

Yaƙin duniya na biyu ya ci babban ɗa, Joseph ƙarami, wanda aka tanada don fadar White House. Matuƙin jirgin yaƙi ne, ya ba da kansa ga wani aiki mai haɗari, jirgin da aka maƙare da nakiya ya tarwatse da shi a sararin Ingila ranar 12 ga Agustan 1944. Kathleen ta auri wani ɗan sarautar Ingila ɗan Furotesta a watan Mayun wannan shekara, uwarta ta ƙi sa albarka. Wata huɗu da auren aka kashe mijin a fagen daga a Beljiyam, ita ma ta mutu a haɗarin jirgin sama a Faransa a 1948. Uban ne kaɗai daga gidan ya halarci jana'izarta.

Kaya ya koma kan John, wanda ake kira Jack, yaron da ya yi ƙuruciyarsa tsakanin gado da asibiti. Ya dawo daga yaƙi da sunan jarumi, kuma ya cancanta: a Agustan 1943 jirgin yaƙin Japan ya raba ƙaramin jirgin ruwansa biyu a tsibiran Solomon, ya yi iyo na sa'o'i yana jan wani abokin aikinsa da ya ƙone, ya riƙe igiyar rigarsa da haƙori. Uban ya tabbatar labarin ya shiga gida-gida. Da kuɗin uba da ƙafafun 'yan uwa ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1946. A 1952 ya kayar da Henry Cabot Lodge a takarar sanata, jikan mutumin da ya kayar da kakansa Fitzgerald a irin wannan takara a 1916, yayin da Rose da 'ya'yanta mata suke zagaya jihar suna shirya wa mata liyafar shayi. Ya auri Jacqueline Bouvier a 1953. Duk wannan lokaci yana ɗauke da cutar Addison, wadda take hana jiki samar da wasu sinadarai masu riƙe rai, tun da aka gano ta a Landan a 1947, ga ciwon baya da ya sa shi dogara da sanduna idan babu mai ɗaukar hoto. Fiye da sau ɗaya limamin coci ya yi masa addu'ar masu barin duniya. Da abokan hamayya suka tada maganar cutar a 1960, mutanensa suka musanta.

Ya ci zaɓen 1960 da ƙyar, ratarsa da Richard Nixon ba ta kai ƙuri'a dubu 120 ba cikin kusan miliyan 69. Shi ne ɗan Katolika na farko da ya hau kujerar, yana da shekara 43. Ƙanensa Robert, wato Bobby, ya naɗa ministan shari'a yana ɗan shekara 35, bisa matsawar ubansu.

Mutanen Afirka suna da dalilinsu na tunawa da shi. Tun a 1957, yana sanata, ya miƙe a majalisa ya goyi bayan 'yancin Aljeriya, abin da ya fusata Faransa da gwamnatin ƙasarsa. A 1960 gidauniyar gidansu ta biya kuɗin jirgin ɗaliban Gabashin Afirka zuwa jami'o'in Amurka. A Yulin 1961 ya karɓi baƙuncin Firayim Ministan Najeriya, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka a wannan ziyara. Shirinsa na matasa 'yan sa kai, Peace Corps, wanda mijin ƙanwarsa Sargent Shriver ya jagoranta, a Gana ya fara sauke malamai a Agustan 1961, sannan Najeriya, sai Nijar a 1962. Gadar da ta fara haɗa gaɓoɓin Kogin Kwara biyu a Yamai, wadda aka buɗe a 1970, sunansa take ɗauke da shi har yau. Ba don Allah kaɗai aka yi waɗannan ba, gasa ake yi da Tarayyar Sobiyet, amma ya ɗauki shugabannin Afirka da mutuncin da ba su saba gani daga Washington ba.

Mulkinsa bai kai shekara uku ba. Ya fara da abin kunya a Afrilun 1961, lokacin da 'yan gudun hijirar Kyuba da hukumar CIA ta horar suka kai wa Fidel Castro hari aka murƙushe su cikin kwana uku. Wannan ya koya masa kada ya haɗiye duk abin da janar-janar suka faɗa, kuma darasin ya yi rana a Oktoban 1962, da aka gano Sobiyet ta girke makamai masu linzami na nukiliya a Kyuba. Kwana goma sha uku manyan hafsoshi suna matsa masa ya kai hari, ya ƙi, ya zaɓi tare hanyar teku. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya kwashe makamansa, duniya ta ce Kennedy ya tsaya ƙyam abokin gaba ya ja da baya. Gaskiyar ita ce Bobby ya gana da jakadan Sobiyet a asirce, ya yi masa alkawarin Amurka ma za ta cire nata makaman daga Turkiyya, da sharaɗin kada a faɗa. Sassaucin da ya ceci miliyoyin rayuka shi aka ɓoye kamar abin kunya, shekaru masu yawa. A kan 'yancin baƙar fata kuwa ya yi jan ƙafa, sai a Yunin 1963 ya fito ya ce magana ce ta gaskiya da zalunci, ya aika da ƙudurin dokar da magajinsa Lyndon Johnson ya ƙarasa a 1964. A wannan shekarar ta 1963 kuma Bobby ya sa hannu hukumar FBI ta riƙa satar sauraron wayar jagoran baƙar fata Martin Luther King.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Neman matan Jack ya wuce na ubansa, kuma ya kai inda ya zama haɗari ga ƙasa. Ɗaya daga cikin matan, Judith Campbell, tana tare kuma da Sam Giancana, babban ɗan ta'addan Chicago wanda CIA ta nemi taimakonsa don kashe Castro. Shugaban FBI, J. Edgar Hoover, ya sani, ya kuma nuna wa shugaban ƙasa ya sani a Maris ɗin 1962. Wata kuma yarinya ce 'yar shekara 19 da ta zo koyon aiki a fadar. Ga magunguna barkatai, har da alluran ƙara kuzari daga wani likita, Max Jacobson, wanda daga baya aka ƙwace lasisinsa. 'Yan jarida da yawa sun san wani abu, suka yi shiru, don a zamanin an yarda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai a 1975 binciken Majalisar Dattawa ya fara tono maganar Campbell, takardun asibitinsa kuwa sai a 2002 aka buɗe wa masanin tarihi Robert Dallek. Wanda ya karanta su yakan fito da abu biyu a zuciya: mamakin juriyar mutumin, da takaicin yawan ƙaryar da aka yi wa masu zaɓe.

Jacqueline ta san halin mijinta. Ta yi ɓari, ta haifi 'ya ba rai a 1956, a Agustan 1963 kuma jaririnsu Patrick ya rasu bayan kwana biyu. Na kusa da su sun ce wannan rashi ya kusantar da su fiye da kowane lokaci. Wata uku bayan haka, ranar 22 ga Nuwamba, tana zaune a gefensa cikin buɗaɗɗiyar mota a Dallas aka harbe shi. Aka kama Lee Harvey Oswald, shi ma wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya bindige shi bayan kwana biyu. Kwamitin Warren da ya binciki kisan ya ce Oswald shi kaɗai ne. Wani kwamitin Majalisar Wakilai a 1979 ya ce akwai yiwuwar haɗin baki. Jacqueline ta ƙi cire rigarta mai jini har aka rantsar da Johnson cikin jirgi. Ita ta tsara jana'izar bisa tsarin ta Abraham Lincoln, bayan mako guda kuma ta kira ɗan jarida Theodore White ta kwatanta masa mulkin mijinta da Camelot, fadar wani adalin sarki na tatsuniyar Ingila. Wadda aka fi cuta a auren ita ta ɗinka wa marigayin rigar da duniya take ganinsa da ita har yau.

Bobby ne mutuwar ta fi sauyawa. Kafin Dallas an san shi da zafin kai da rashin yafiya: ya yi wa Sanata Joseph McCarthy, mai farautar 'yan kwaminis, aiki, shi ne kuma mai duka a madadin wansa. Bayan Dallas ya yi watanni kamar ba ya duniya, da ya farfaɗo kuma sai ya zama wani mutum. Ya ci zaɓen sanatan New York a 1964, ya je Afirka ta Kudu a 1966 ya soki wariyar launin fata a gaban ɗalibai, a 1967 ya shiga bukkokin baƙar fata a Mississippi ya ga yara da kumburin ciki na yunwa a ƙasar da ta fi kowace arziki. Ya juya wa yaƙin Biyetnam baya, ya kuma amsa cewa gwamnatin wansa, wadda ta kai sojojin ba da shawara kusan dubu 16 can, tana da hannu a ciki. Daren 4 ga Afrilun 1968 shi ya sanar da taron baƙar fata a Indianapolis cewa an kashe King, ya ce musu shi ma an kashe masa ɗan uwa, maganar da bai saba yi a bainar jama'a ba. Birane fiye da ɗari suka kama da wuta, Indianapolis ta kwana lafiya. Ranar 5 ga Yuni, bayan ya ci zaɓen fid da gwani na California, Sirhan Sirhan, Bafalasɗine Kirista haifaffen Ƙudus wanda ya fusata da goyon bayan Bobby ga Isra'ila, ya harbe shi a wani otal na Los Angeles. Ya cika washegari yana da shekara 42, ya bar 'ya'ya goma da cikin na goma sha ɗaya.

Mako shida bayan haka ƙanwar Rosemary, Eunice, ta tsaya a wani filin wasa na Chicago ta buɗe gasar Special Olympics ta farko, da 'yan wasa kusan dubu ɗaya masu raunin fahimta. Hanyar ta buɗe ne tun Disamban 1961, da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa tsoho Joseph magana. Da bakin uba ya rufe, bakin gida ya buɗe. A 1962 Eunice ta rubuta a wata mujalla cewa shugaban ƙasa yana da ƙanwa mai wannan lalura, ko da yake ba ta ambaci tiyatar ba. A ƙasar da iyaye suke kulle irin waɗannan yara don kunya, wannan magana ba ƙarama ba ce. Ta mayar da filin gidanta sansanin wasa na yaran, ta matsa wa wanta har aka kafa cibiyar binciken lafiyar yara ta ƙasa. Aka kuma fara ɗauko Rosemary ziyara gida, har ta rasu a 2005 tana da shekara 86. Eunice ba ta taɓa riƙe muƙamin zaɓe ba, amma a wurina aikinta ya fi na 'yan uwanta maza tsabta.

Auta, Edward ko Ted, shi ya fi wuyar yanke wa hukunci. Harvard ta taɓa korarsa kan satar jarrabawa, kujerar sanata kuma ya same ta a 1962 yana ɗan shekara 30 don sunan gida kawai. Daren 18 ga Yulin 1969 motarsa ta faɗa ruwa daga wata 'yar gada a tsibirin Chappaquiddick. Ya fito, ya bar Mary Jo Kopechne, mai shekara 28, tsohuwar ma'aikaciyar kamfen ɗin Bobby, a cikin motar. Sai bayan kusan awa goma ya sanar da 'yan sanda, bayan ya tuntuɓi na kusa da shi. Mai nutson da ya fito da gawar ya ce da an kira shi da wuri, mai yiwuwa da an same ta da rai. Hukuncin da aka yanke masa ɗaurin wata biyu ne, shi ma aka jingine. Talaka ba zai samu wannan sassauci ba, kuma babu dokar da Ted ya yi daga baya da ta mayar wa iyayen Mary Jo 'yarsu tilo.

Duk da haka dokokin suna nan. Da ya sha kaye a hannun Shugaba Jimmy Carter a zaɓen fid da gwani na 1980, ya haƙura da shugabanci ya riƙe majalisa, inda ya yi kusan shekara 47. Yana cikin waɗanda suka ja dokar shige da fice ta 1965 da ta daina fifita Turawa, da ta 1990 da ta haifar da cacar biza wadda 'yan Afirka da yawa suka shiga Amurka ta hanyarta. Ya tsaya kan takunkumi ga gwamnatin wariyar Afirka ta Kudu, da dokar kare naƙasassu ta 1990, da inshorar lafiyar yaran talakawa ta 1997, ya kuma ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a 2002. Damuwarsa da kiwon lafiya ma daga gida ta taso: a 1973 aka yanke wa ɗansa mai shekara 12 ƙafa saboda sankara, a asibitin ya haɗu da iyayen da ba su da kuɗin ƙarasa maganin 'ya'yansu. Shaye-shayensa da neman mata sun rusa aurensa na fari, sai a aure na biyu a 1992 ya natsu. Ya mara wa Barack Obama baya a Janairun 2008, ya rasu a Agustan 2009, wata bakwai kafin a sa hannu kan dokar lafiyar da ya yi rabin rayuwarsa yana nema.

Amurkawa suna cewa akwai baki a kan gidan. Suna lissafa David, ɗan Bobby, da ƙwaya ta kashe a 1984, da Michael da ya mutu a wasan zamiya kan ƙanƙara a 1997, da John ƙarami, ɗan shugaban ƙasa, wanda jirgin da yake tuƙawa da dare ya faɗa teku a Yulin 1999 tare da matarsa da yayarta. Ajali na Allah ne, harsashin Dallas da na Los Angeles kuma ba laifin tarbiyya ba ne. Amma yawancin sauran suna da sila a bayyane: zuri'a mai yawa da aka raina a kan cewa tsoro abin kunya ne, ciwo ba a faɗarsa, kuma duk abin da ya lalace akwai kuɗi da lauyoyin da za su gyara.

Jikokin sun ci gaba da riƙe muƙamai, sai dai sunan ya rage nauyi. Caroline, 'yar shugaban ƙasa, ta yi jakadanci a Japan da Ostareliya. A 2020 Joseph Kennedy na Uku ya nemi takarar sanata ya faɗi, karo na farko da ɗan gidan ya sha kaye a Massachusetts. Wanda ya fi kowa tashe yanzu shi ne Robert ƙarami, ɗan Bobby, lauyan kare muhalli da ya yi suna wajen sukar allurar rigakafi. Ya bar jam'iyyar Dimokurat ta kakanninsa, ya mara wa Donald Trump baya a Agustan 2024, biyar daga cikin 'yan uwansa suka fitar da sanarwa suka kira abin cin amanar aƙidun ubansu. A Janairun 2025 Caroline ta rubuta wa sanatoci wasiƙa ta roƙe su kada su amince da ɗan baffanta, ta zayyana halayensa na cikin gida ɗaya bayan ɗaya, ta kuma karanta ta da bakinta a bidiyo. Ranar 13 ga Fabrairun 2025 majalisar ta tabbatar da shi ministan lafiya da ƙuri'a 52 a kan 48. Cikin hukumomin da suka koma ƙarƙashinsa har da cibiyar binciken lafiyar yara ta ƙasa, wadda yanzu take ɗauke da sunan gwaggonsa Eunice.